Gefe Huɗu Ba Su Isa Shaida Ba

Shekarar da na fara koyarwa na zalunci wata yarinya maki biyar, har yau kuwa abin bai bar raina ba. Ga yadda aka yi. Na ba 'yan aji ɗigo huɗu a jarrabawar mako, watau A(1, 1), B(8, 2), C(9, 9) da D(2, 8), na ce su faɗi irin siffar da za a samu in an haɗa su da layi. Tun a gida na auna gefunan nan huɗu, na tarar tsawonsu ɗaya, na rubuta "murabba'i" a takardar amsoshina, na kwanta barci. Duk ajin suka rubuta murabba'i, sai ita kaɗai ta ce ba shi ba ne. Na ja mata jan biro. Da aka tashi ta biyo ni bakin ofis, ta rusuna, ta ce, "Malam, don Allah a duba mini daga A zuwa C, da daga B zuwa D." Na duba a tsaye. Gaskiyarta ce. Na mayar mata da makinta, amma sauran 'yan ajin sun riga sun tafi gida da kuskure, da sa hannuna a kai.

To, da ya ke da yawa daga cikinku za ku tsaya gaban allo ba da daɗewa ba, na ga ya kamata in shimfiɗa wannan darasi daga tushe, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Mu fara da ɗigo da adireshinsa. A ɗauki takarda mai gida-gida, a ja layi ɗaya kwance, a ja wani tsaye ya ratsa shi. Inda suka haɗu shi ne mafari, nan ne sifiri. Kowane ɗigo a kan takardar yana da lamba biyu. Ta farko tana faɗin gida nawa za ka tafi dama, ta biyu tana faɗin gida nawa za ka hau sama. In lamba ta zo da alamar ɗebewa, sai ka bi hagu ko ka gangara ƙasa. Yaron da ya iya dara ba ya shan wahala a nan, don ya saba ƙirga gidaje a tsaye da a kwance. Wannan dabara ta ba wa ɗigo lambobi ana danganta ta ga wani Bafaranshe, Dekart, wanda ya buga littafinsa na ilmin siffofi a 1637. Amfaninta shi ne ta mai da zane ya zama lissafi. Abin da a da sai an sa ido da ma'auni, yanzu ana iya tabbatar da shi da tarawa da ɗebewa.

Nisan da ke tsakanin ɗigo biyu kuwa, ba wani sabon abu ba ne, tsohuwar ƙa'idar Fisagoras ce ta sake riga. Shi Fisagoras mutumin tsibirin Samos ne na ƙasar Girka, an haife shi wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da ya ke mutanen Babila sun san abin fiye da shekara dubu kafin shi. Ƙa'idar ta ce, a alwatikar da ke da tsayayyiyar kusurwa, watau mai digiri 90 irin ta gefen littafi, in ka ninka kowane ɗaya daga gajerun gefunan nan biyu da kansa, ka tara, abin da ka samu shi ne dogon gefen an ninka shi da kansa. Ɗauki ɗigo (1, 2) da (4, 6). Daga na farko zuwa na biyu ka tafi dama gida 3, ka hau sama gida 4. Tafiyar nan biyu su ne gajerun gefuna, yanke kuwa shi ne dogon. 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 goma sha shida, jimla 25. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 25? Biyar. Nisan ke nan. A littattafai haka a ke rubuta shi:

nisa = √[(x₂ − x₁)² + (y₂ − y₁)²]

Ina roƙonku kada ku fara da rubuta wannan a allo. Yaro in ya fara ganin x da y da 'yan ƙananan lambobi a gindinsu, sai ya haddace kamar karatun aku, ran jarrabawa kuwa ya sa tarawa inda ɗebewa ta ke. Ku bar shi ya ƙirga gidaje da yatsa sau goma, sa'an nan ku nuna masa cewa abin da ya ke yi ke nan aka taƙaita.

Ga wata shawara da za ta rage muku aiki. Kada ku fitar da tushen. In lissafi ya kai ku 50, ku bar shi 50, ku san dai tsawon ne aka ninka da kansa. Abin da mu ke nema shi ne mu san ko gefe kaza daidai ya ke da gefe kaza, in kuwa ninkinsu ɗaya ne, to, su ma ɗaya ne. Daga nan har ƙarshen wannan bayani duk lambar da na ba gefe, ninkin nan na ke nufi. Akwai kuma wani dalili da ya fi ragin aiki muhimmanci, zan zo gare shi.

Yanzu mu koma ga tambayar da ta kunyata ni. Daga A(1, 1) zuwa B(8, 2) dama 7, sama 1, watau 49 da 1, hamsin. Daga B zuwa C(9, 9) dama 1, sama 7, hamsin. Daga C zuwa D(2, 8) hagu 7, ƙasa 1, hamsin. Daga D a komo A, hamsin. Nan na tsaya, nan kuma na yi kuskure. Siffa mai kusurwa huɗu nisa shida gare ta. Huɗu gefuna ne, biyu kuwa su ne layukan da ke ratsa cikinta daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. A ajina maratsa mu ke ce musu, ɗaya maratsi. Daga A zuwa C dama 8, sama 8, 64 da 64, watau 128. Daga B zuwa D hagu 6, sama 6, 36 da 36, watau 72. Maratsan ba su zo ɗaya ba. Saboda haka siffar karkataccen murabba'i ce, wanda a takardar jarrabawa za ku ga an kira shi rombus.

Ku dubi ɗan'uwansa. A bar A da B inda su ke, a mai da C (7, 9), a mai da D (0, 8). Ku auna gefuna, za ku sami 50, 50, 50, 50, kamar na ɗazu, ba bambanci ko kaɗan. Amma daga A zuwa C yanzu dama 6, sama 8, 36 da 64, ɗari. Daga B zuwa D hagu 8, sama 6, ɗari. Wannan shi ne murabba'i na gaskiya, ko da ya ke ya ɗan jirkice a kan takarda. Ku lura kuma 50 da 50 sun ba da 100, watau ƙa'idar Fisagoras ta cika a alwatikar ABC, wannan kuwa shaida ce cewa kusurwar B tsayayya ce. Siffa biyu ke nan, gefunansu ɗaya, sunansu dabam, ba abin da ya raba su sai maratsa.

Me ya sa haka? Ba sai an yi dogon bayani ba, a nemi karan dawa. A yanka guda huɗu tsawonsu ɗaya, a soke bakunansu da ƙaya ko siririyar ƙusa su zama murabba'i. A ba yaro ya riƙe ƙasan, ya tura saman da yatsa. Nan da nan sai abin ya kwanta gefe guda. Ba karan da ya ƙaru, ba wanda ya ragu, amma siffa ta sake, maratsi ɗaya ya miƙe, ɗaya ya tsuke. Sa'an nan a yi alwatika da kara uku a ce ya tura. Ba za ta motsa ba. Abin da ya sa ke nan kafinta ya kan gilma katako daga kusurwa zuwa kusurwa a bayan ƙyaure, don ya raba shi alwatika biyu kada ya saki. Na yi wannan a aji sau da yawa, ban taɓa ganin yaron da ya riƙe karan nan da hannunsa ya sake mance maratsa ba.

In an sami lambobi shida, sai a jera na gefuna bi da bi yadda a ke zagaya siffar, a ajiye na maratsa waje ɗaya, a karanta. Ɗauki P(−3, −1), Q(1, 1), R(0, 3), S(−4, 1). A nan ne yara kan yi tuntuɓe da alamar ɗebewa. Daga −3 zuwa 1 gida nawa ne? Da yawa za su ce biyu. Ku sa su ƙirga: uku kafin a kai sifiri, ɗaya bayan sifiri, huɗu ke nan. To, PQ dama 4, sama 2, ashirin. QR hagu 1, sama 2, biyar. RS ashirin, SP biyar. Jerin ya zama 20, 5, 20, 5, watau kowane gefe daidai ya ke da mai fuskantarsa. Maratsi PR dama 3, sama 4, ashirin da biyar. QS hagu 5, ba hawa ba sauka, ashirin da biyar. Gefuna masu fuskantar juna daidai, maratsa daidai, wannan murabba'i mai dari ne, irin siffar ƙofa ko allon aji. Da maratsan sun saɓa, da sai mu ce karkataccen mai dari ne, wanda a ke kira faralelogiram. Misalinsa (0, 0), (6, 0), (8, 3), (2, 3), gefunansa 36, 13, 36, 13, maratsansa 73 da 25.

Wani zai ce, to, ashe maratsa su ne alƙalai, a auna su kawai a huta. A'a. Dubi (0, 0), (8, 0), (6, 4), (2, 4). Maratsansa 52 da 52, daidai wa daida. Amma gefunansa 64, 20, 16, 20. Ƙasansa ya fi samansa faɗi, kamar bokitin da aka kife. Wannan tirafiziyam ne mai ƙafafu daidai, ba shi da tsayayyiyar kusurwa ko ɗaya. Magina na ƙwarai sun san wannan. In za su fitar da harsashin ɗaki su kan kafa turaku huɗu, su auna tsawo da tsawo, faɗi da faɗi, sa'an nan su ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin awon nan, sai ran da aka zo ɗora kwano ko shimfiɗa tayil abin ya tonu, lokacin kuwa bango ya riga ya tashi.

Yadda lambobin suka jeru ma magana ce. Ɗauki (3, 0), (5, 4), (3, 6), (1, 4). Gefuna 20, 8, 8, 20. Ashirin biyu ne da takwas biyu, amma masu daidai ɗin maƙwabtan juna ne, ba su fuskanci juna ba. Wannan ita ce siffar da Turawa ke kira kait, sunan abin wasan nan na takarda da a ke ɗaura wa zare iska ta ɗaga shi. Yaron da ya rubuta lambobinsa barkatai, ya ce "biyu-biyu ne daidai," zai kira ta faralelogiram ya faɗi. Wani abin sha'awa kuma, in ka sauko da ɗigo na uku daga (3, 6) zuwa (3, 2), gefuna ba su sake ba, 20, 8, 8, 20 ne dai, amma siffar ta lotsa ciki ta zama kamar bakin kibiya. Maratsi na tsaye ne ya faɗo daga 36 zuwa 4, shi kaɗai ya ba da labari.

Yanzu ga tarkon da na fi jin tsoro, don yana kama har masu ƙoƙari. Wani lokaci mai tambaya ba ya jera ɗigon yadda a ke zagaya siffar, sai ya watsa su. A ce an ba ka ɗigon murabba'in nan namu na gaskiya, amma aka rubuta su haka: (1, 1), (8, 2), (0, 8), (7, 9). In ka bi su yadda suka zo ba ka zana ba, za ka sami "gefuna" 50, 100, 50, 100, da "maratsa" 50 da 50. Masu fuskantar juna daidai, maratsa daidai, sai ka rubuta murabba'i mai dari da ƙarfin zuciya. Alhali kuwa abin da ka bi layuka ne da suka gitta juna kamar almakashi, ka ɗauki maratsa ka mai da su gefuna. Da ka tsaya ka yi tunani, da ka ga alama, don ba a taɓa yin murabba'i mai dari wanda maratsinsa ya fi gefensa gajarta ba. Maganin abin dai shi ne zane. Kafin a taɓa lissafi a ɗiga ɗigon nan huɗu, ko da a gurguje ne, a ga wanda ke bin wani.

Amma fa zane jagora ne kawai, ba a kafa hujja da shi. Ga dalilin da na ce zan zo gare shi. Zana (0, 0), (10, 0), (11, 10), (1, 10) a allo da alli, ka tambayi aji. Rabinsu za su ce murabba'i, masu lura su ce karkataccen murabba'i. Duka ba su samu ba. Gefunan 100, 101, 100, 101 ne, maratsa 221 da 181, watau faralelogiram ne. Yanzu a ce yaro ya ɗauki na'urar lissafi ya fitar da tushen 101. Za ta ba shi 10.0498 da 'yan kai, shi kuwa ya taƙaita ya rubuta 10.0, ya ga gefuna huɗu duk goma-goma, ya ba da amsar da ba ita ba. Da ya bar lambobinsa 100 da 101, ba yadda za a yi su rikice masa.

Akwai wata 'yar dabara ta binciken aiki wadda ban cika ganinta a littattafan makaranta ba, ga ta kuwa da daɗi. A kowane faralelogiram, in ka tara lambobin gefuna huɗu, jimlarsu daidai ta ke da ta maratsa biyu. Gwada da namu. Karkataccen murabba'i: hamsin sau huɗu 200, 128 da 72 kuma 200. Mai dari: 20, 5, 20, 5 hamsin, 25 da 25 hamsin. Na ƙarshen nan: 402 a gefuna, 221 da 181 kuma 402. In siffar ba ta cikin dangin faralelogiram, jimlar gefuna kullum ita ke rinjaye. Oila, masanin lissafi na ƙasar Suwizalan wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1783, shi ya nuna ainihin yawan rarar: a nemi tsakiyar kowane maratsi, a auna nisan da ke tsakanin tsakiyoyin nan biyu, a ninka shi da kansa, a yi sau huɗu. A bokitinmu na ɗazu gefuna sun tashi 120, maratsa 104, rara 16. Tsakiyar maratsi ɗaya (3, 2) ce, ta ɗayan (5, 2), tsakaninsu gida 2, biyu sau biyu huɗu, sau huɗu 16. Ya fita cif. Tarkon almakashin nan ma wannan dabara tana tona shi, don 300 ne a gefuna, 100 a maratsa. Malamin da ke da takardu sittin a gabansa zai ga amfaninta.

Kada in yi muku alkawarin abin da awon nisa ba zai iya ba cikin sauƙi. Tirafiziyam gama-gari, wanda gefe biyu kawai ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar ƙarafan hanyar jirgin ƙasa, ba ya nuna kansa ta daidaituwar tsawo. Dubi (0, 0), (6, 2), (4, 5), (1, 4). Gefuna 40, 13, 10, 17, maratsa 41 da 29. Ba biyu da suka zo ɗaya, sai ka ce siffa ce marar suna. Amma gefen farko dama 6 ne sama 2, watau hawa ɗaya a kowane gida uku, gefen da ke fuskantarsa kuwa, daga (1, 4) zuwa (4, 5), dama 3 ne sama 1, shi ma hawa ɗaya a gida uku. Gangararsu ɗaya, ba za su taɓa haɗuwa ba. Don haka in lambobi shida suka fito ba wanda ya yi kama da wani, kada yaro ya rufe littafi, ya duba gangara tukuna. Darasin gangara kuwa na wata rana ne.

Saura gardamar suna, wadda ta kan tashi a kowane aji. Yaro zai ce, "Malam, murabba'i ai gefunansa masu fuskantar juna daidai ne, maratsansa ma daidai, ashe shi ma mai dari ne?" I, haka ne, kuma rombus ne, kuma faralelogiram ne. Kowane ingarma doki ne, ba kowane doki ne ingarma ba. In an ce a faɗi irin siffa, sunan da ya fi ƙuntata a ke so, wanda ya ƙunshi duk abin da lissafi ya tabbatar. Wanda ya sami murabba'i ya rubuta faralelogiram bai yi ƙarya ba, amma bai gama aiki ba, ni rabin maki na kan ba shi. Wanda kuwa ya rubuta murabba'i bai nuna awon maratsa ba, ko da amsarsa ta dace, ba na cika masa, don na san inda wannan hanya ta kai ni.

Ga guda biyu ku gwada kafin fitowa ta gaba. Na farko: (−2, 0), (5, −1), (1, −4), (2, 3). Na biyu: (0, 0), (4, 1), (7, 7), (1, 4). A kowanne ina son zane, da lambobi shida, da suna, da dalilin sunan cikin jimla ɗaya. Ku yi hankali da na farkon, ban jera ɗigonsa bi da bi ba. Wanda ya gama ya miƙa wa Edita takardarsa, za ta iso gare ni.